Gidan da Ba Shi da Aibi

Ƙanena gyaran agogo yake yi. Shekara goma sha takwas yana zaune a barandar wani kantin magani, da ɗan teburinsa mai gilashi da madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Kowa Mai Agogo yake ce masa, har ni da na goya shi. Idonsa ba ya tsallake aibi: ka miƙa masa sabon agogo fil, sai ya kara a kunne ya ce yana latti. Aure ma sai da bakinmu ya gaji kafin ya yi. Ya samo malamar firamare mai yawan dariya, suka yi shekara biyu kacal. Ta haifi 'ya mace, bayan wata biyu zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana huɗu Allah Ya karɓi abarsa.

Ya kafe shi zai riƙe 'yarsa. Ni na tsufa, iyakata wanka da wanki. Amma yarinyar ta ƙi madarar gwangwani, in ta sha kaɗan sai ta amayar. Ranar awo ma'aikaciyar asibiti ta dubi sikeli, ta dube shi, ta ce a nemo mai shayarwa kada a wuce makon nan.

A danginmu da abokansa, gida uku ne ke da mai jego, duk a nesa. Muka shiga mota da jakar zannuwa da filas. Ya ce mini kada in faɗa wa kowa abin da ke tafe da mu, ziyara ce kawai, ya kawo ta a gan ta. Duk tsawon hanya tana ƙirjinsa, ya tare mata rana da hularsa. Kukanta ma ba ya fita sosai. Wata mata a gefenmu ta ce, "Bawan Allah, ina uwarta?"

Ya ce, "Ba ta samu zuwa ba."

Gidan Gwaggo muka fara sauka, inda matar ɗanta ke goyo. Matar ta miƙo hannu ta ce a kawo ta ta sha, ƙanena ya ce yanzu ta ƙoshi, alhali ƙarya yake. Da muka fito ya ce kwatar ƙofar gidan a buɗe take, sauro zai yi yawa.

Washegari sai gidan abokinsa na ƙuruciya, mai walda. Suka rungume juna, abokin yana tsokanarsa: "Kai da ko ɗan tsako ba ka iya riƙewa, yau kai ne da jaririya?" Suka yi ta tuna malaminsu na lissafi, har na ji dariyar ƙanena karon farko tun rasuwar. Matar gidan ta gane komai, ta ce da bakinta a bar mata yarinyar ta haɗa da nata. Ya yi godiya, ya ce zai yi shawara. A bakin titi ya ce ƙarar injin walda za ta lalata mata kunne.

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Agogo ka mayar da gidajen mutane? Da babu ai gara ba daɗi. Dubi wuyan yarinyar nan, kai kake zaɓe, ita take ramewa!"

Ya gyara mata hula kawai. Na yi nadamar kaifin bakina, amma ban janye ba.

Gida na uku na yayar marigayiya ne. Ita ba ta tambayi kowa ba. Tana ganinmu ta fashe da kuka, ta zare yarinyar daga hannunsa ta shige ɗaki. Da na leƙa, na tarar yarinyar ta kama nono tana haɗiya har ana ji daga ƙofa. Ta sha, ta yi gyatsa, ta yi barci.

Shi kuwa ya zaga tsakar gidan. Ya duba murfin rijiya, ya taɓa ragar taga, ya leƙa bayan ɗaki. Ya dawo ya tsuguna kusa da ni.

"Yaya, gidan nan ba shi da aibi."

Kamar mai sanar da mutuwa ya faɗe shi.

Da safe matar ta ce, "Baban yarinya, ku tafi tun tana barci, ya fi sauƙi." Ya ce a'a, a bari ta tashi ta ga tafiyarsa, kada ta zaci yar da ita aka yi. Muka zauna har ta farka. Ya sunkuya ya kira ta, ya ɗaga mata hannu. Ta dube shi ɗan jim, sannan ta juya fuska tana laluben rigar innarta.

Muka kama hanyar tasha. Sai da mota ta tashi ya ce, "Yaya, ba ta yi kuka ba."

Na ce, "Ai abin da muka zo nema ke nan."

Ya ce, "E, shi muka zo nema." Ya kifa kansa a bayan kujerar gaba, na bar shi ya yi kukansa.