Kayan Aro a Ɗakin Ƙasa

A farkon shekarun casa'in gobara ta cinye benen da muke haya a unguwar Highbridge, can ƙasar Turawa. Ba wanda ya ji ciwo, amma da kayan jikinmu kawai muka fita, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu. Wani abokina mutumin Maraɗi, direba a ofishin jakadanci, ya roƙar mana mai gadin gininsu ya bar mu a ɗakin ƙasa, gefen tukunyar ɗumama gida. Ba taga. Bango na tsattsafo da ruwa, ɓeraye kuwa sun riga mu tarewa. Mai gadin ya ce zuwa ƙarshen wata mu san inda za mu, don in mai gida ya ji, shi ma aikinsa ya tafi.

Lokacin ina wankin motoci kusa da filin jirgi, da yamma in je ajin manya ina koyon karatu. Malamar ajin ce ta kwatanta mini ofishin hukumar birni da ke duba waɗanda suka rasa muhalli. Na yi ta zuwa ina bin layi, ban gaji ba, har aka ce za a turo ma'aikaciya ta ga inda muke kwana da idonta.

Da labari ya kai kunnen Hajiya, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi mai aikin jinyar tsofaffi, sai ta sauko ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Malam, a nan za ka sauki baƙuwa? Kana so a ce Hausawa a bola suke kwana?"

Ni ma abin da ke raina ke nan. Kafin azahar matan ginin sun cika ɗakin. Wannan ta kawo darduma, waccan labule mai zaren zinare aka rufe jiƙaƙƙen bangon, aka jingina kabad a bakin ramin ɓera, aka jera kwanuka masu fure a kai. Har talabijin aka sauko da shi. Maiɗakina ta sa turaren wuta, warin danshi ya gudu. Hajiya ta dafa shinkafa da wake.

Ma'aikaciyar baƙar fata ce 'yar ƙasar, dattijuwa mai tabarau. Ta zauna a kujerar aro, ta waiwaya ko'ina, ta ce ɗaki ya yi kyau. Na ji daɗi ƙwarai, na yi godiya. Ta tambaye ni ko akwai abin da ke damunmu a nan. Da ɗan Turancina na ce mata lafiya lau muke, mun gode Allah. To me zan ce wa baƙuwa? Ta yi rubutu, ta ce a yadda ta gani lamarinmu ba na gaggawa ba ne, akwai waɗanda suka fi mu matsuwa, sai dai mu jira.

Ban gane duka ba, ina ta gyaɗa kai. Hajiya ce ta gane. Ta dire farantin da ke hannunta.

"Innalillahi! Malam, daina murmushin nan, cewa ta yi kun ji daɗi! Ke matar Malam, tashi daga kan dardumata. Kowa ta zo ta kwashi kayanta!"

"Hajiya, a gaban baƙuwa?"

"A gabanta mana! Ita za ta ba ka gida ko kunya?"

Matan da ke laɓe a matakala suka shigo. Aka yaye labule, bango ya fito baƙi ƙirin yana naso. Aka naɗe darduma, ga siminti a jiƙe. Da aka ja kabad, wani ƙaton ɓera ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya koma abinsa. Mai kujera ta zo ta tsaya kan ma'aikaciyar cikin ladabi, har sai da matar ta miƙe ta ba ta.

Ma'aikaciyar ta tsaya a tsakiyar ɗakin da ba komai sai katifa ɗaya da aka taimaka mana da ita. Sai ta cire tabarau ta fara dariya, tana yi tana share ido. Ta ce haka kakarta take yi a can kudancin ƙasar duk ran da fasto zai zo gida, har cokula aro take yi. Ta sake tambayata ko akwai abin da ke damunmu. Wannan karon na faɗa mata komai, tarin da ƙaramar 'yarmu ke yi, da wa'adin mai gadi, Hajiya tana cike mini inda Turancina ya ƙare. A tsaye ta ci shinkafar, ta nemi ƙari.

Cikin makon nan aka kai mu masaukin iyalai na wucin gadi. Mun daɗe a can, sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ina ta komawa ofis ana ce mini in dawo. Daga baya aka kira mu aka ba mu gida a unguwar Mount Hope, hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Ni na sa hannu da kaina, harafi bayan harafi, ba wanda ya gaggauta ni.

Da na buɗe ƙofa, rana ta cika falon ta tagogi har biyu. Yaran suka ruga, kowa ya kama ɗaya yana cewa tasa ce. Maiɗakina ta zagaya tana shafa bango da tafin hannu, sannan ta juyo ta ce, "Malam, a bushe yake."