Kawu Manu da Zoben Tanki

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin Kawu Manu a Bodinga ya san ba a fara gyara sai an yi caje. Kafin ya ɗaga kujerar baya, sai ya laluba aljihun kowa. Ashana, leta, taba, duk sai an zuba su cikin wata tsohuwar kwalla an kai gindin dalbejiya. Wallahi har limamin unguwarmu ya laluba! Liman ya ce, "Haba Manu, ni ma?" Kawu ya ce, "Allah gafarta malam, hetur bai san liman ba."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma direba, don haka na sha wannan caje har na saba ɗaga hannu tun daga bakin titi.

Aikin da ya yi suna a kai shi ne cire famfon mai. Kun san a motocin nan famfon yana cikin tanki ne, akwai wani faffaɗan zobe da ke danne shi a bakin tankin, ƙarƙashin kujerar baya. Sauran makanikai sukundireba suke kafa wa zoben su bi da guduma. Kawu ya ce haram. Ƙarfe kan ƙarfe tartsatsi ne, in ma wuta ba ta tashi ba, haƙoran zoben za su zube. Shi da guntun icce yake yi, yana ƙwanƙwasawa a hankali yana zagayawa. Kafin ya taɓa kuma sai ya yi alama, don zoben ya koma daidai inda ya fito. Alli? Ina! Goron bakinsa zai dangwalo da yatsa ya ɗiga a zobe, ya ɗiga a tanki. Har yau in ka ɗaga kujerun tsofaffin motocin garin nan za ka ga jan ɗigon Kawu.

Wata rana iccen nasa ya tsage ana tsakiyar aiki. Gidansa na bayan garejin, sai ya faɗa ciki, ya fito da muciyar matarsa, Inna Kulu. Ya gama aiki, ya goge ta da tsumma, ya mayar inda ya ɗauko, bai ce wa kowa komai ba. Da azahar aka kawo tuwo, ina wurin. Lomar farko na ji kamar na sumbaci bakin jarka.

Sai ga Inna Kulu a bakin ƙofa, muciya a hannu. "Malam, mi ya taɓa min muciya?"

"Wace muciya?"

"Wagga da ka gani! Tuwo duk warin mai!"

Kawu ya ƙara loma, ya tauna a natse, idanunsa har sun kawo ruwa. Ya ce, "Daddawar kasuwar Lambara ta. Na sha gaya miki ki bar sayenta." Kuma don kada a ce ya yi ƙarya, shi kaɗai ya share kwanon nan tas. Da zai tashi ya yi gyatsa, Inna Kulu ta ce, "To kada ka matso kusa da murhuna."

Da na ga haka, da na shiga Sakkwato sai na sayo masa ainihin abin da ake kwance zoben da shi, wani ƙarfe mai ƙafa uku, ka ɗora ka murɗa, shi ke nan. Ya karɓa, ya juya shi, ya yi ta sa mini albarka. Washegari na zo na tarar da shi gindin dalbejiya, ya kafa ƙarfen a ƙasa, ya hura wuta a ƙarƙashi, butar shayi na tafasa a kai.

Na ce, "Kawu! Na gyaran mota ne fa!"

Ya ce, "Ɗiyana, ƙafa ukku gare shi. Murhu na. Wanda ya sayar maka bai san aikinai ba."

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ranar bikin 'yar maƙwabcinmu, da za a kai amarya garin Horo Birni. Motoci sun jero, ana ta guɗa. Kawu yana zaune bakin titi yana cin goro. Mota ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Ta ukun na zuwa sai ya ɗaga hanci, ya yi wuf ya faɗa tsakiyar titi ya ware hannuwa. Direban, wani Ladan, ya taka birki har mata suka gwara kai.

"Ku hito! Kowa ya hito!"

Motar cike take da gwaggwannin amarya, sun sha lalle da sabuwar atamfa. Babbarsu, Gwaggo Ige, tana zaune a baya rungume da kaskon turaren wuta, garwashi jajir, wai don ɗakin amarya. Ta leƙo ta taga ta ce, "Manu, tsufa ya hwara taɓa ka? Biki za mu!"

Kawu ya matso jikin tagar. Ya miƙa hannu ya ƙwace kaskon, ya ruga da shi can nesa ya ajiye. Mata suka fito suna zaginsa, wannan ta ce ɗan baƙin ciki, waccan ta ce don ba a gayyace shi ba ne. Shi dai ya ɗaga kujerar. Jama'a, fetur ne kwance a wurin, har ya jiƙe soson kujera. Ashe Ladan ya canza famfo a wani wuri a kan hanyar Shagari, aka ɗora zoben a karkace, robar da ke ƙarƙashinsa ta naɗe, duk ramin da aka faɗa sai mai ya fantsamo.

Gwaggo Ige ta taɓa bayan zanenta, ta sansana hannu, sai ta zauna a ƙasa daɓas tana salati.

Kawu ya kwance zoben, ya shimfiɗa robar daidai, ya mayar, ya bi shi da icce har ya zauna. Ya sa aka fitar da kujerar aka bar ta a rana, gwaggwanni suka rarrabu a sauran motoci. Za su tashi Gwaggo Ige ta ce, cikin sanyin murya, "Malam Manu, kaskona hwa?"

Ya ce, "Kasko naki na. Garwashin kam na riga na ɗora shayi."

Ciwonsa na ƙarshe bai daɗe ba. Muna zaune a ɗakinsa da hantsi, ya kwana biyu ba ya magana, sai ya ɗaga yatsa ya yafito ni. Inna Kulu ta fara kuka, ta ce wasiyya zai bari. Na kai kunne bakinsa.

Ya ce, "Motar da ta wuce yanzu, ta Ladan ta. Famfonta na kuka. Ka ce mai kada ya tahi Shagari da ita."

Na aika aka gaya wa Ladan. Ya ce Kawu da ke kwance ina ya ji kukan famfo? Ya tafi. Da la'asar Allah Ya karɓi ran Kawu. Ana shirin sallar jana'iza sai ga Ladan a bayan amalanken jaki, ƙura har gira, ya baro motar a daji. Ya diro yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Ya gaya min! Wallahi ya gaya min!" Mutane suna hawaye suna danne dariya, har liman sai da ya juya baya ya gyara rawani.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga gaida Inna Kulu. Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan bai taɓa ɗaga min murya ba. Gardama dai kamar me."

Allah Ya jiƙan Kawu Manu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsare bayin Allah daga wutar duniya, Allah Ya tsare shi daga ta lahira. Ya ba Inna Kulu haƙurin zama babu abokin gardama. Amin.