Shafi Huɗu na Matan Gida

Shekarar da na fara aiki a wani shagon kayan sola a Potiskum, ji nake duk garin babu mai kai irin nawa. Mai shagon, wani dattijo ɗan Filato da ya fi ni iya Hausar kasuwa, yana kawo injinan markaɗe da famfunan rijiya masu aiki da hasken rana. Littattafan da ke zuwa da su Turanci ne zalla, mutane sai su kai gida a hura wuta da su. Shi ne ya ɗauke ni in riƙa rubuta bayanin da Hausa.

A nan na koyi wata dabara da na ishi abokaina da labarinta. Maimakon littafi uku, guda ɗaya nake rubutawa a kwamfuta, kowane sakin layi in liƙa masa alama: wannan na masu gyara ne, wannan na 'yan kasuwa, wannan kowa ya gani. Da na danna, sai manhajar ta tace, ta fitar wa kowa da nasa. Na masu gyara shafi talatin, har da zanen wayoyi. Na dillalan shanu masu sayen famfo shafi goma. Na ukun kuwa ni na ƙirƙiro shi da kaina, na sa masa suna na matan gida, shafi huɗu da manyan baƙaƙe. Duk inda maganar kwance noti ta zo sai in ɓoye ta, in sa layi ɗaya a gurbinta: "Idan injin ya tsaya, kada ki buɗe. Ki kira mai gyara." Layin nan ya yi mini daɗi ƙwarai. Gani nake na tsare mata daga haɗari, har ina jiran godiya.

Alhali kuwa a gidan markaɗe na tashi. Mahaifiyata ta fi shekara ashirin tana juya injin fetur a zaurenmu na Dogo Nini. In ya yi gardama, ɗamara take yi ta ɗauki sifana, ta goge fulogi, ta ja bel, ta saurari ƙararsa ta faɗi abin da ke damunsa. Amma ko sau ɗaya, ina liƙa alamun nan, fuskarta ba ta faɗo mini a rai ba. Matar gidan da ke cikin kaina wata ce daban, wadda ban taɓa haɗuwa da ita ba.

Da fetur ya gagara, sai ta sayar da awakinta ta zo shagonmu ta sayi na sola. Mai shago ya bi tsarin da na kafa, ya dube ta, ya miƙa mata siririn littafin. Ta yi ajin yaƙi da jahilci, tana karatu a hankali da yatsa a kan layi. Da aka gaya mata ɗanta ne ya rubuta, sai ta sa shi a leda ta rataye kusa da injin.

Ni a Dogo Tebo nake zaune da iyalina, ran Juma'a nake zuwa gaishe ta. Wata Juma'a na sauka daga keke napep na ji zauren shiru. Babu layin bokitan wake, babu masu awara da ke cika wurin da hayaniya. Tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa.

"Inna, lafiya na ji shiru?"

"Lafiya lau, Injiniya," ta ce, don haka take tsokanata. "Tun Litinin ya tsaya."

"Tun Litinin! Me ya hana ki kira ni?"

"Mai gyara aka ce a kira, ba kai ba. Na kira shi, yana Fika yana haɗa wa wasu famfo, sai mako mai zuwa."

Na san kasuwar nan. Mai ƙosai ba ta jiran kowa. In ta kai wakenta wani injin kwana uku a jere, ta zama ta can. Matan da Inna ta tara shekara da shekaru suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana zaune tana yi wa littafina biyayya.

Na buɗe littafin masu gyara a wayata. Ga shi nan ƙuru-ƙuru a shafi na goma sha ɗaya: in an cika wa injin kaya, wani ɗan maɓalli a bayan murfi yakan faɗi, sai a kwance noti huɗu a ɗaga shi. Na ɗauki sifana na yi ta kokawa da notin farko, gumi na zuba, ko motsi bai yi ba.

"Kawo nan," ta ce. "Hannunka na biro ne."

Kafin in gama goge goshi ta cire murfin. Na nuna mata maɓallin, ta ɗaga shi da ɗan yatsa, injin ya ɗauka kamar bai taɓa tsayawa ba. Ta jima tana kallonsa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Kuma a wancan littafin an rubuta?"

Na ce an rubuta. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina ƙarami.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Mayar da murfin ta yi, tana ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta dube ni ba.

"Kwana huɗu ina kallon notin nan, hannuna yana ƙaiƙayi," ta ce. "Babbar mai awarata ta tsaya a nan tana roƙona in buɗe, na ƙi, ta ɗauki bokitinta ta tafi. Na ce mata ɗana ya yi karatu. Tunda ya rubuta kada a buɗe, akwai abin da ya sani wanda ni ban sani ba."