Ranar da Na Je Nema wa Mai Harbin Ƙwayar Zarra Aure

Da wana ya rasu, ni na zama uba ga ɗansa, don haka ni na je Magariya nema masa aure. Shi yana ƙasar waje, yana aiki a wata jami'a. Ni a aji shida na bar lakol, wato makarantar boko, amma ban taɓa shiga magana babu tsari ba.

A wurinmu ba a karɓar goro sai an san asalin mutum da sana'arsa. Asali kam kowa ya san gidanmu a Kwaya. Sana'ar ce ta sa na kira shi a waya, na ce ya faɗa mini ita ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa a kaye, ɗan littafin rubutuna.

Na ɗaya, suna kama ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya gani, su sanyaya su har su kusa daina motsi. Na biyu, su riƙe kowace da wani siririn haske mai suna leza. Na uku, su harba musu wani hasken, gajere ƙwarai, wanda ƙiftawar ido ma tafiyar wuni ce a kansa. Na huɗu, ƙwayoyi biyu su ƙullu: in ka auna ɗaya, ka san abin da za a samu a ɗayar, ko da an raba su. Da wannan ake son gina sabuwar na'urar lissafi.

Na hau moto da gorona, na isa bayan la'asar. Uban yarinyar, wani Alhaji ɗan kasuwar wake, ya saurari uku na farko yana gyaɗa kai. A na huɗu ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam, wa ke kai saƙo tsakaninsu?"

"Bai faɗa mini wannan ba, Alhaji."

"Akwai mai ɗaura laya biyu a garin nan, ɗaya a nan, ɗaya a Dungas, shi ma haka yake cewa. Ni ba na ba boka 'yata."

Na kira ɗan wana nan take, na buɗe murya kowa ya ji. Suka gaisa, Alhaji ya maimaita tambayarsa.

"Ba mai kai saƙo, Baba. Ba a ma iya aika saƙo da shi."

"To, kullum aikin yana ci?"

"Ina fa. Mako uku ke nan yana lalace mini. Jiya madubi ɗaya ya ɗan goce, hasken ya wuce ta gefe, wuni guda ya tafi a banza. Ni na ɗaura shi ba daidai ba."

Na ji kamar in kashe wayar. Wane mai neman aure ne ke tallan kasawarsa a gaban suruki?

Alhaji ya yi dariya har da tari.

"Tun da nake ban taɓa jin boka ya ce laifinsa ne ba. Kullum sai ya ce kai ne ka karya sharaɗi." Ya juya wajen ƙanensa da ke zaune gefensa. "Karɓi goron nan."

Aka yi fatiha, aka sa rana bayan an gama roron wake.