Lambobin da Suka Ɓata a Ɗakin Kati

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Kati ya yi a ɗaki ɗaya, can ƙarshen barandar wani ƙaramin asibitin ido. Taga ɗaya gare shi, ta nan marasa lafiya ke miƙo hannu. Kantoci har rufi cike da katuna, fanka mai kuka, da kujerar ƙarfe da ya ɗaure wa ƙafa da waya. Ni aka ɗauko in kwashe katunan nan in zuba su a kwamfuta. Na zo ina hura hanci, wai aikin wata ɗaya ne. Wata bakwai na yi.

Dogo ne siriri, biro uku a aljihun gaba, ba ya gaggawa ko da layi ya kai bakin ƙofa. Abin da na sani game da rayuwarsa a bakin nas-nas na tsinta, don shi ba ya ba da labarin kansa. Matarsa ta rasu da daɗewa, ba su haihu ba. Ƙanensa ɗaya ya tafi neman aiki wata ƙasa, wasiƙu suka yi ta raguwa har suka ɗauke. Yana haya a wani ɗaki bayan rumfar mai facin taya. Ranar hutu ma yakan zo, wai zai goge kantoci. Kantocin kuwa ko ƙura babu.

Ranar farko ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke ce 'yar kwamfutar?" Sunan ya bi ni har yau.

Katinsa komai a wuri ɗaya yake: suna, shekaru, ranakun zuwa, abin da likita ya gani, da wanda zai raka mutum gida. Ni kuwa na raba su jadawali uku. Na farko na marasa lafiya, kowa da lambarsa wadda kwamfuta ke bayarwa bi da bi. Na biyu na ziyara, kowane zuwa layi ɗaya, ɗaure da lambar mai shi. Na uku na masu rakiya. Na yi masa bayani cewa ta haka ba a rubuta abu sau biyu. Idan mace ɗaya ce ke rako uwarta da mijinta, sau ɗaya za ta shiga, a ɗaure ta da su duka.

Ya saurara har na gama, ya ce, "Wato kin raba mutum gida uku. Idan ya zo taga, wanne zan gaisar?"

Na ce masa fom zai haɗa su a shafi ɗaya, shi ba ruwansa da abin da ke baya. Na jera guraben fom ɗin daidai yadda suke a katinsa, don yatsunsa su bi hanyar da suka saba.

Asibitin yana da doka guda mai tsauri. Ba a yi wa kowa aikin ido sai an rubuta wanda zai zo ya ɗauke shi, don mutum yana fitowa ne da ido a naɗe, ga jiri. Saboda haka na kulle gurbin mai rakiya: in ba a cike shi ba, fom ba ya adanuwa. Likita ta ce in ƙara wani ƙulli, kada lambar wayar mai rakiya ta zama ita ce ta mara lafiyar, don wasu na yin wannan wayon. Na ƙara, har ina jin daɗin kaina.

Da na fara tace masu rakiya daga tsofaffin katuna sai na ci karo da abin da ya tayar min da hankali. Suna ɗaya, lambar waya ɗaya, sau sittin da huɗu. A wannan katin ɗa ne, a wancan ƙane, a wani maƙwabci. Na ce wannan ai shirme ne, wani malalacin ma'aikaci ne ya yi ta kwafa. Ni kuwa ba na iya haɗiye haushi. Na ɗauki waya a gaban Baba na ce bari in ji wane ne wannan mai dangi sittin.

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa, ƙarƙashin biro ukun.

Sunansa na gaskiya ne a katunan. Wata uku muna ɗaki ɗaya ban san sunan ba, kuma na tabbata rabin asibitin ba su sani ba.

Ya kashe wayar a hankali ya ce, "Tsoho zai zo daga nesa shi kaɗai, an ce babu aiki sai da mai rakiya. In ce masa ya koma ya makance? Ni ba inda nake zuwa bayan an tashi."

Haka yake yi ashe. A tashi aiki, ya rufe tagarsa, ya riƙe hannun tsohuwa ko tsoho ya kai su tasha, ko har ƙofar gida, sannan ya tako zuwa ɗakinsa. Kunya ta kama ni sosai, na rasa inda zan sa fuskata.

Abu ɗaya ya roƙe ni. A fom ɗin na yi jerin dangantaka wanda ake zaɓa da maɓallin kibiya: miji, mata, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, maƙwabci. Ya ce in ƙara na bakwai, "wani dabam". Ya ce ya gaji da ƙaryar zama ɗan mutanen da ya girme su. Na ƙara. Su sittin da huɗun nan na ɗaure su da layi ɗaya a jadawalin masu rakiya, layinsa.

A lokacin na riga na lura da idonsa. Hancinsa kusan yana taɓa allon kwamfuta. Sau biyu na ƙara girman haruffa ba tare da ya tambaya ba, shi ma bai yi godiya ba, mun bar shi a haka. Jerin dangantakar ma ba karantawa yake ba, ƙirga dannawa yake: ɗaya miji, uku ɗa, huɗu 'ya, bakwai wani dabam. Likita ta duba shi ta ce yanar ido ce ta rufe idon biyu, aikin minti ashirin ne kowanne. Ta kuma faɗa masa gaskiya, in ya kai ƙarshen shekara a haka ba zai iya riƙe tagar ba. Ya ce to, zai sa rana. Mutumin da ke sa wa duniya rana ya kasa sa wa kansa.

Sai lambobi suka fara ɓata. Ina duba jadawalin marasa lafiya in ga 912, sai 914. Washegari wata ta ɓace. Na zargi kaina, na zargi kwamfutar, na yini biyu ina tonon aikina ina tsaki. Daga baya na tuna abin da na sani sarai: da an fara cike sabon fom kwamfuta take ware lamba, idan aka soke kafin a adana, lambar ta tafi ke nan, ba ta dawowa. Wani ne ke farawa yana sokewa, kullum sau ɗaya, kafin mara lafiya na farko. Na ƙirga giɓi goma sha ɗaya.

Na zo da wuri wata safiya, masu shara ma ba su gama ba. Ƙofar a buɗe. Na tsaya a bayan Baba bai ji ni ba. Ya rubuta sunansa, shekarunsa, lambar wayarsa, adireshin ɗakin bayan mai faci. Ya iso gurbin mai rakiya. Ya sa lambarsa, fom ya ƙi, da jan rubutun da ni na tsara: "Sai wani ba mara lafiyar ba." Ya goge. Ya zauna hannu a gwiwa yana kallon gurbin, har fanka ta yi juyin da na gaji da ƙirgawa. Sannan ya kai yatsa zai soke.

Na ce, "Baba, kana cinye min lambobi."

Bai juyo ba. Ya ce, "Ina gwada aikinki ne. Ƙullin ya kama da kyau."

Na jawo kujera na karanta masa lambar wayata. Ya ce ina da hidimomina, na ce ban tambaye shi ba. Ya rubuta, lamba ɗaya bayan ɗaya, ya sa sunana, ashe shi ya san nawa. Saura dangantaka.

Ɗakin shiru, don haka na ji da kunnena. Ya danna kibiya sau huɗu, wato 'ya, ya tsaya. Ya daɗe a nan. Ni ma ban yi motsi ba, ina so ya bar shi a haka, kuma bakina ya ƙi buɗuwa in faɗa. Sai na ji uku a jere, da sauri. Ya adana.

Aka yi aikin, ido ɗaya sannan ɗayan bayan mako shida. Sau biyu na riƙe hannunsa na tsallakar da shi titi, muka wuce mai faci, muka shiga ɗakin. Gado, kujera ɗaya, kofi ɗaya, rediyo. Ya ce in zauna a kujerar, shi ya zauna bakin gado, ya yi ta ba ni haƙuri kan ɓata min lokaci har raina ya ɓaci. Idon ya buɗe tas. Ya ƙara shekara uku a tagarsa, yana raka tsofaffinsa, kafin wata safiya mai faci ya ga ƙofar ba ta buɗe ba. Ashe ya rasu. Ni aka kira, don lambata ce kaɗai a rubuce.

Har yanzu nakan je asibitin idan kwamfutar ta yi gardama. Giɓi goma sha ɗayan suna nan, ba a cike su, sabuwar ma'aikaciyar ma ta taɓa tambayata ko kuskure ne. Layinsa yana nan, lamba 958, da sunana a gurbin mai rakiya, a gefe "wani dabam". Ni na gina fom ɗin, ba abin da zai hana ni gyarawa. Nakan buɗe, in danna kibiya sama sau uku, in zauna ina kallo. Sai in tuna ba ni ya kamata in rubuta ba, kuma lokacin da ya tsaya yana jira ban ce komai ba. Sai in soke.