Baba Sai-an-wanke da Ƙaramin Injinsa

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya buɗe tasa. Shagon ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layi, da taga guda, da famfo a bakin ƙofa, da benci wanda zaman mata ya sa ya yi santsi. Yakan tuɓe rigarsa ya rataye a ƙusa, ya ɗauko sifana, ya tsuguna gaban ƙaramin inji ya kwance haƙoransa, ko da jiya da yamma ya wanke su. Ya goge da buroshi, ya ɗauraye, ya ɗaga su wajen hasken taga yana dubawa kamar mai sayen zinariya. Sai ya gamsu yake mayarwa. Kafin nan bokitai sun yi layi a waje, kowace mace ta san nata ko daga nesa.

Injin markaɗe biyu ne a shagon. Babban na kowa ne: tumatir, tattasai, hatsi, gyaɗa. Ƙaramin kuwa abin da za a tace a yi madara kawai yake ci, wato waken suya, aya, kwakwa da shinkafa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye. Kafaɗa ta ƙi, kunne ma ƙarar inji ta cinye rabinsa. Yanzu in kika ce masa "Baba, ya yi laushi," sai ya ce miki "Lafiya lau, ya yaran?"

Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓata a layin. Kowa Baba Sai-an-wanke yake ce masa. In kika zo da sauri, tukunya na kan wuta, miji na hanya, kika ce ya taimaka ya zuba naki, amsar ɗaya ce: "Sai an wanke." An yi masa fushi, an yi masa ba'a, wasu sun ɗauki bokiti sun tafi wani shagon. Matan da suka tare a layin daga baya suna zaton tsufa ne ya sa shi nawa. Tsofaffin layin sun san inda abin ya samo asali.

A shekararsa ta shida da buɗe shago inji ɗaya gare shi, da babur wanda yake ji da shi kamar ɗan fari. Akwai wata tela a gida na uku daga shagon, mijinta ya rasu ya bar ta da yarinya 'yar shekara huɗu. Yarinyar ba ta shiri da madarar shanu, da ta sha sai ciki ya ɗauka, gyaɗa kuwa ko kaɗan ta taɓa bakinta sai jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Wata nas a asibiti ce ta koya wa uwar yin madarar waken suya. Duk safiya telar kan kawo jiƙaƙƙen wake a roba, kuma tun ranar farko ta gaya masa, "Yaya, don Allah kada ya haɗu da gyaɗa." Ya ce ya ji.

Wata uku yana kiyayewa. Ran nan wutar lantarki ta yi wuni biyu ba ta zo ba, da ta dawo layi ya kai bakin titi, mata na ta mita. Ya gama markaɗa wa wata gyaɗa ke nan sai ga robar tela. Ya dubi layin, ya dubi sifana, ya ce a ransa kofi biyu na ruwa ai sun isa. Ya watsa ruwan, ya zuba waken.

Da la'asar ya ga telar ta fito ba mayafi, yarinyar a kafaɗa. Leɓunanta sun kumbura, idanun sun rufe, numfashinta na fita da wani siririn sauti kamar ana busa a bakin kwalba. Bai ko kashe injin ba. Ya ɗora su a babur, har yau bai san yadda ya ratsa motoci ya kai asibiti ba. Yana tsaye a baranda, hannunsa duk farin ƙullu, har nas ɗin ta fito ta ce an yi allura, numfashi ya daidaita.

Ba wanda ya zarge shi. Uwar ma waken ta ɗora wa laifi, tana share hawaye tana cewa, "Shi ke nan, wannan ma ya ƙi ta. To me zan ba ta?" Ta yi ta yi masa godiya a gaban jama'a, tana cewa ba don shi ba da ta rasa 'yarta. Ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa, wadda duk layin ke kira Goggo, ta zuba masa ido har ya faɗa mata gaskiya. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Yarinyar nan abu ɗaya ne jikinta ya karɓa. In ka yi shiru, shi ma ka ƙwace mata."

Washegari ya koma asibiti. A gaban nas ɗin ya ce wa telar, "Ba waken ba ne, ni ne. Na markaɗa gyaɗa, ban kwance injin ba." Telar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Na gaya maka fa, Yaya." Ta juya masa baya.

Shekara guda ba ta amsa gaisuwarsa ba. Wakenta can wata unguwa take kai shi a ƙafa. Labari ya zaga, wasu matan suka janye, aka riƙa nuna shagon da baki. Cikin makon da abin ya faru ya sayar da babur ɗin ya sayo ƙaramin inji, daga nan har yau a ƙafa yake zuwa aiki. Watanni injin na zaune a kusurwa, sai jefi-jefi ake kawo masa aiki, amma kullum sai ya kwance shi ya wanke. Wata safiya sai ga robar tela a bakin ƙofa, ita kuma tana tsaye ta harɗe hannu.

Ta nuna injin da haɓa. "Wannan kuma na mene ne?"

Ya ce, "Na 'yarki ne, da masu irin jikinta. Gyaɗa ba ta taɓa shiga ba."

Ta tsaya ta ga ya kwance, ya wanke, ya mayar. Sannan ta tura robar da ƙafa zuwa gabansa. Yarinyar nan yanzu 'ya'yanta uku, kuma ita ce ta fi kowa tsokanarsa da sunan.

Kai ne ka faɗi laifin da ba wanda ya gani, a ranar da ake yabonka. Mutane da yawa sun yi kuskure irin naka, Baba. Kaɗan ne suka koma washegari da ƙafarsu.

Tun daga nan ya zama ɗalibin nas ɗin. Duk ranar da ta kawo markaɗe sai ya tsare ta da tambaya, har ta ce ko dai zai zo ya karɓi farar rigarta ne. A gida kuma Goggo ce mai ɗanɗano. Ranar hutu takan jera kofuna huɗu a faranti, kowane da irin madararsa, ta kurɓa ɗaya bayan ɗaya, ta yanke hukunci kamar alƙali. Abin da su biyun suka koya masa shi yake gaya wa duk wadda ta zauna a benci ta tambaye shi wacce madara ta fi.

"Wa zai sha?" Haka yake fara tambaya.

In yaro ne mai tasowa ko mara lafiya da ke son ya mayar da jiki, sai ya ce waken suya. A cikinsu duka shi ne ya fi kusa da ta shanu wajen gina jiki, sai dai yana da gafi, dole a jiƙa shi a murje ɓawon. Aya kuwa, a cewarsa, amarya ce: da zaƙinta take zuwa, ba ta neman sukari, amma ba ta son zafi, in aka yi da safe ba a sa a sanyi ba kafin yamma ta juya. Kwakwa ƙamshi da maiƙo, ta iya gyara shayi, amma kada a jingina mata girman yaro. Ta shinkafa ce ya fi yi wa dariya. "Wannan ruwa ne ya ari farar riga. Ba ta faɗa da cikin kowa, amma ba ta yi wa kowa aiki."

Wata ta taɓa tambayarsa shi wacce yake sha. Goggo ce ta amsa daga bakin ƙofa, ta kawo masa abincin rana. "Wannan? Ta shanu yake zubawa a shayinsa, ta gwangwani ma. Likita ne da ba ya shan maganinsa." Ya yi dariya ya ce shi cikinsa bai taɓa kai ƙarar saniya ba, me zai sa ya rabu da ita. Bai taɓa kushe madarar shanu ba. Cewa yake kowa da abin da jikinsa ya karɓa.

Akwai ranar da ya ƙi aiki ƙiri-ƙiri. Wani matashi direba ya zo da wake a leda, ido ya faɗa don rashin barci. Matarsa ta haihu wata biyu, nono ya yi ƙaranci, wani ya ce masa a ba jaririn madarar waken. Baba ya kashe inji don ya ji shi da kyau, sannan ya mayar masa da ledar.

"Ɗana, ba zan markaɗa ba."

"Baba, ko nawa ne zan biya."

"Ba maganar biya ba ce. Duk abin da ke fita daga injin nan, ba na jariri a ciki. Sunan madara kawai suka ara. Ɗauko matarka mu je wajen masu aikin."

Ya rufe shago da tsakar rana, mata na jira, ya raka su asibiti. Aka duba mai jegon, aka nuna mata yadda za ta yi, nono ya dawo. Direban har yau in ya wuce sai ya danna ham sau biyu, ko Baba ya ji ko bai ji ba.

Bayan shagon akwai ɗan fili da bai fi tabarma uku ba. Can ya karkatar da ruwan wanke inji, ya dasa lemun tsami da alayyafo. Dusar da ta rage bayan tata yakan ce matan su dawo masa da ita, ya shanya, masu kaji su zo su kwasa. Da autarsa ta dawo daga makaranta, ta kawo masa madarar kwali ta wani ɗan itace da ake kira almon, ta ce yanzu ita ake yayi. Ya kurɓa, ya juya kwalin, ya sa ta karanta masa bayansa. Ta ƙara da abin da aka koya musu: bishiyar tana shan ruwa sosai, shinkafa ma haka, waken suya ba ya neman ruwa kamarsu kuma yana barin ƙasa da ƙarfi, saniya kuwa ta fi su duka cin fili da ruwa.

Ya ce, "To saniyar na san ta, ina ganin abin da take ci. Wannan fa, in an shanye ina ake kai kwalin?"

Auta ta nuna masa kwata da baki. Ya leƙa, ya girgiza kai. "Nawa bokiti ne. Ana kawo shi, ana mayar da shi, shekara goma bai mutu ba."

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Goggo. Farantin da kofuna huɗun suna nan a kan kanta a shagon, ba ya bari a taɓa. Masu zama a benci sun ce tun daga lokacin in aka tambaye shi ko ayar bana ta yi zaƙi, sai ya ce, "Mai faɗa mini ta tafi. Ɗanɗana ki gaya mini." Layin ma ya canza. Gidaje da yawa sun sayi ɗan injin lantarki na kan tebur, bokitai sun ragu, hirar benci ta yi sanyi. Waɗanda suka rage galibi masu zuwa wajen ƙaramin injin ne, wasu daga nesa, da takardar asibiti a jaka.

Wata mata da ke layin baya ce za ta karɓi shagon. Mako uku tana zuwa koyo, ta ce har yanzu bai bar ta ta kunna komai ba, sifana kawai take riƙewa. "Na ce masa Baba, markaɗe na zo koya. Ya ce ai shi nake koya."

Kai ne ba ka da farar riga, amma likitoci sun turo maka mutane. Kai ne ka yarda a kira ka mai nawa shekara ashirin da takwas, don kada wata uwa ta sake fitowa ba mayafi. A madadin yaran da suka girma da abin da ya fito daga hannunka, da iyayen da suka sami kwanciyar hankali, mun gode. Allah ya ba kafaɗar nan sauƙi, ya jiƙan Goggo. Mu kuma da muke da sana'a a hannu, ko allura ce ko sitiyari ko alli, kowannenmu ya san wurin da yake watsa kofi biyu na ruwa ya ce ya isa. A koma a kwance, a wanke.

Da na je na gaya masa za a rubuta labarinsa, sai da na maimaita sau uku a kunnensa na dama. Ya ajiye buroshi ya dube ni da mamaki.

"Labarina? Mutane za su karanta?"

Na ce za su karanta.

Ya sake ɗaukar buroshin. "To in da wuri, ka sa musu cewa madarar waken nan a tafasa ta sosai, ta yi kumfa ta faɗa, a ƙara ba ta lokaci. Suna saurin saukewa, sai ciki ya ɓaci su ce waken ne."

An sa, Baba.