Jariri Mai Kilo Arba'in da Ɗaya

Shekara ashirin da uku Anti Mai-Kati ta yi a ɗakin ajiyar bayanai na wani asibitin haihuwa, ɗaki mai taga ɗaya da kabad shida na ƙarfe. Kyan rubutunta ne ya sama mata aikin tun tana budurwa. Tana kan kujerar nan ta yi aure, ta haifi huɗu, ta fara sa tabarau.

Ana nan sai aka kawo wata sabuwar likita mai son yin bincike kan nauyin jarirai. Bayanan suna cikin kwamfuta tuni, domin Anti ce ta shigar da su da yatsu biyu, kati dubu goma sha ɗaya. Likita ta ce saura Anti ta koyi manhajar ƙididdiga, wadda ake rubuta wa umarni layi-layi ta yi lissafin. Anti ta ce to, amma a ranta ta ɗauka hanyar sallamarta ake nema.

Mako shida tana fama. In ta manta waƙafi, allon ya cika da jan rubutu; in ta buɗe alamar baka a rubutun ba ta rufe ba, abin ya ƙi motsi kamar tsohuwar mota. Maigidanta, wanda ya yi ritaya daga tuƙi, kullum da tsokanarsa yake tarbar ta a ƙofa: yau ma injin ya yi mata faɗa?

Wata Talata umarninta ya wuce lafiya ƙalau. Sai dai amsar ta nuna matsakaicin nauyin jariri kilo arba'in da ɗaya ne. Likita ta ce wataƙila bayanan sun lalace, sai an sake shigar da katunan daga farko. Anti ta waiga ta dubi kabad ɗin nan shida. Ranar ko abincin da ta zo da shi ba ta buɗe ba.

Washegari ta zo da wuri, ta rubuta umarnin da zai jera nauyin daga babba zuwa ƙarami. Layi sama da ɗari huɗu suka fito da lamba ɗaya, tara-tara-tara. Nan take ta tuna. Tsohuwar kwamfutar da ta shigar da katunan a ciki ba ta yarda a bar gurbi ba komai, shi ya sa duk jaririn da aka haifa a hanya ba a auna shi ba, ko ranar da sikeli ya lalace, wannan lambar take sa masa. Duk asibitin ita kaɗai ta san haka.

Ta ƙara layi ɗaya da ke cewa a tsallake waɗannan, ta danna. Kilo uku da ɗigo ɗaya.

Ta sauke numfashi, ta zame takalmanta ƙarƙashin tebur.

Da likita ta shigo ta gani, ta jawo kujera ta zauna. "Anti, da ba kya nan, shekara za mu yi muna lalube."

"Ai ni na ƙulla abin, 'yar nan, dole ni zan kwance."

Suka yi dariya har ungozoma ta leƙo ta taga. Bayan fitar likita, Anti ta buɗe sabon shafi, ta fara rubuta sauran alamomin da ita kaɗai ta san ma'anarsu. Kafin a tashi aiki ta tuno goma sha bakwai.